Ambelakiya: ƙauyen Girka da jan zare ya ɗaukaka, inji da rashin jituwa suka kayar

Yau za mu kai ku ƙasar Girka, can kudu maso gabashin Turai, wani ƙauye da ke maƙale a jikin dutse mai suna Ambelakiya. Mutanen da ke kwana cikinsa a yanzu ƴan ɗaruruwa ne, tsofaffi sun fi yawa. Amma shekaru 230 da suka wuce, wannan ƙauyen yana da wakilai a manyan biranen Ostiriya da Jamus, kuma masaƙun Turai suna jiran ayarinsa kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin shi ne, tambayoyin da ke cikinsa mun san su. Yaya ƙauye marar ƙasar noma ke ciyar da kansa? Me ke faruwa idan masu kuɗi da masu aikin hannu suka haɗa jari? Mene ne amfanin ɗan gari da ke ƙetare ga na gida? Kuma me ke kashe ƙungiya bayan ta yi ƙarfi? Mutanen Ambelakiya sun amsa waɗannan tambayoyi da rayuwarsu, sun ga daɗin, sun ga ɗacin.

Ina ne Ambelakiya take?

Ƙauyen yana cikin jihar Tasaliya, a tsakiyar Girka, kamar kilomita 30 arewa maso gabas da birnin Larisa. Yana zaune a gangaren dutsen Osa, wanda mutanen wurin ke kira Kisabos, dutse mai tsawon mita 1,978. Idan mutum ya tsaya a dandalin ƙauyen ya dubi arewa, zai hangi dutsen Olimbus, mafi tsawo a duk Girka, sama da mita 2,900, wanda Girkawan dauri suka ɗauka gidan gumakansu ne.

Tsakanin duwatsun biyu akwai wani kwari matsattse mai suna Tembi, tsawonsa kamar kilomita 10. Kogin Piniyos ne ya tsaga shi ya wuce zuwa teku. Tun zamanin da, duk wanda zai tashi daga arewacin Girka zuwa kudu, ko ɗan kasuwa ne ko mayaƙi, nan ce ƙofarsa. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa sun tura dakaru su tare rundunar Farisa a wannan kwari, daga baya suka janye. A watan Afrilu na 1941 ma, sojojin Ostareliya da na Niyu Zilan sun gwabza da na Jamus a nan. Ke nan ƙauyen yana kusa da babbar hanya, amma yana can sama, inda mai wucewa ba ya ganinsa sai ya yi niyyar hawa. Ku riƙe wannan, domin yana cikin sirrin arzikinsa.

Sunan kansa daga kalmar Girkanci ta gonar inabi ya fito. Ambelakiya na nufin ƙananan gonakin inabi. Sunan ya gaya mana gaskiyar wurin: gonakin ƙanana ne, a kan gangare, ƙasar duk tsakuwa. Ba wurin da za a noma hatsin da zai ciyar da dubban mutane ba ne.

Me ya sa sana'a ta kafu a kan dutse?

A wancan lokaci Girka ba ƙasa ba ce mai cin gashin kanta. Tana ƙarƙashin daular Usmaniyya, muna nufin ta Turkawa mai hedikwata a Santambul, ba ta Sakkwato ba. Filin Tasaliya mai albarka, inda ake noman alkama da auduga, yana hannun manyan masu gandu, talaka yana noma ana kwashe rabo mai yawa. Saboda haka mutane da dama suka gwammace su hau duwatsu, inda ƙasa ba ta da kyau amma hannun hukuma bai cika kaiwa ba. Ambelakiya ta samu sassauci: tana biyan harajinta a dunƙule, dattawanta ke tafiyar da al'amuranta, kuma Turkawa ba su zauna cikinta ba.

To, mutum yana da ƴanci amma ba gona, me zai ci? Sai suka dubi abin da ke kewaye da su. Auduga tana nan ƙasa a fili, ana sayenta da araha. Ruwa mai kyau yana gangarowa daga dutse. Itacen wuta ga shi a daji. Hannuwa kuma ga su, na mata da na yara, waɗanda sanyin hunturu ke tsare su a ɗaka watanni. Abu na ƙarshe shi ne wata ciyawa da suke kira rizari, wadda saiwarta ke ba da jan launi. Waɗannan biyar ɗin ne jarin farko na ƙauyen.

Yadda ake rina jan zaren

Wanda ya san karofi ya san cewa baba yana kama auduga ba tare da wahala mai yawa ba, a tsoma, a fitar, iska ta buga, launi ya fito. Ja ba haka yake ba. Jan launin saiwar rizari yana kama ulu da sauƙi, amma auduga tana ƙin sa. Idan aka rina ta kai tsaye, wanki biyu ya zube. Maganin wannan matsala shi ne abin da Turawa suka yi wa laƙabi da jan Turkiyya, wata hanya mai tsawo da marinan Girka da Turkiyya suka gwanance a kai.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Mata ke kaɗa zaren da mazari, a gida, su kai marina. A can sai a dafa shi da ruwan toka a cire masa datti. Daga nan a jiƙa shi cikin man zaitun da aka dama da ruwan toka da kashin tumaki, a matse, a shanya, a sake jiƙawa, a sake shanyawa, sau da yawa. Wannan man ne ke buɗe wa launi hanya ya shiga cikin zaren. Bayan haka a tsoma shi a ruwan wasu ƙulle-ƙullen da ke fitowa a jikin itace masu ɗaci kamar bagaruwa, sannan a sa shi a ruwan alif, wannan farin dutsen da ake jefawa a tulu don ruwa ya kwanta. Sai a zo kan rinin kansa: a dafa zaren a manyan tukwanen tagulla tare da dakakkiyar saiwar rizari da jinin shanu ko na tumaki. A ƙarshe a sake dafa shi da sabulu don launin ya yi haske.

Aikin yana cin makonni kafin dila ɗaya ta kammala, ga wari, ga hayaƙi. Amma zaren da ya fito, ko rana ko wanki ba sa kashe launinsa. Shi ya sa masaƙan Turai suka nace masa. Har Faransawa sun ɗauko marinan Girka a 1747 suka zaunar da su kusa da birnin Ruwan don su koyi sirrin, kuma a 1765 gwamnatin Faransa ta buga bayanin hanyar don kowa ya gani. Duk da haka, shekaru da dama zaren Tasaliya ya ci gaba da riƙe kasuwar ƙasashen Jamus, saboda kyau da araha.

Ambelakiya ba ita kaɗai ke wannan sana'a ba. Garuruwan maƙwabta irin su Tirnabos, Agiya, Rapsani da Tsaritsani duk suna yi. Abin da ya bambanta ta shi ne tsarin da ta yi.

Ƙungiyar bai ɗaya

Da farko kowane gida mai hali yana da marinarsa da wakilinsa a ƙetare. Sai ya zamana ƴan gari ɗaya suna karya wa juna farashi a kasuwar Biyena, mai saye yana dariya. Wannan ya ce dila kaza, wancan ya rage, riba ta tafi aljihun baƙo. Dattawan sana'ar suka ga wannan hanya ba ta ɓullewa. Tsakanin 1778 da 1780 suka haɗe ƙananan kampanoninsu suka zama ƙungiya guda, da sunan da ke nufin haɗin gwiwa da ƴan'uwantakar mutanen Ambelakiya. Wanda ya ja gaba shi ne Georgios Mavros, haifaffen 1738. Mavros a Girkanci na nufin baƙi, don haka da ya zauna a Biyena sai aka fassara sunan zuwa Jamusanci, aka riƙa kiransa Schwartz. Da wannan sunan aka fi saninsa har yau.

Yawancin abin da aka sani game da tsarin ya fito ne daga Félix Beaujour, ƙaramin jakadan Faransa a Tasalonika, wanda ya buga littafi kan kasuwancin Girka a 1800. Ya ƙirga marinai 24 a ƙauyen, da mutane kusan 4,000, kuma ya ce ana rina dila 2,500 na zare kowace shekara, wato fiye da ton 300. Ya ce wurin ya fi kama da wani garin Holan a kan ƙauyen daular Turkawa.

Dokokin ƙungiyar su ne abin dubawa. Hannun jari mafi ƙanƙanta kurush 5,000 ne, kuɗin Turkawa na lokacin, mafi girma kuma 20,000. Kun ga an sa iyaka a sama, don kada mai kuɗi ɗaya ya saye kowa ya zama shi ne ƙungiyar. Ma'aikatan da ba su da 5,000 suna haɗa ɗan abin da suka tara su sayi hannu guda tare, kamar yadda ake zubin adashi. Ta haka marini da mai ɗaukar kaya suka zama masu rabo a ribar, bayan ladan aikinsu. Jarin farko kurush 600,000 ne, cikin shekaru biyu ya kai miliyon guda, saboda ba a raba ribar duka, ana ba masu hannun jari wani kaso tsayayye, saura a mayar cikin uwar kuɗi.

Akwai kuma abin da ake cirewa kafin kowa ya taɓa riba: harajin da ƙauyen ke biyan Turkawa, kuɗin lakwal, gyaran hanya da majami'u, da taimakon marasa hali. Shugabanni zaɓarsu ake yi, kuma ana taron shekara a karanta lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, amma mutanen Ambelakiya sun ƙara da cewa sai an rubuta wa kowane hannu inda zai kama.

Ayari zuwa Biyena

Rina zare rabin aiki ne, kai shi kasuwa shi ne sauran rabin. Ana ɗora dilolin a kan alfadarai da dawakai, ayari ya ratsa duwatsun yankin Balkan ya nufi arewa har bakin kogin Danub, iyakar daular Turkawa da ta Ostiriya. A iyakar akwai wurin killace matafiya da kaya na kwanaki saboda tsoron annoba. Daga nan kaya su wuce Pest, wadda yau take cikin birnin Budapest, su isa Biyena. Tafiyar makonni ce, ga ƴan fashi, ga sanyi.

A Biyena ne babban ofishin ƙetare yake. Daga can ake rarraba zaren zuwa Laifzig, Diresdin, Bairot ta Jamus da Ansbak. Waɗanda ke riƙe da ofisoshin nan ba baƙi ba ne, ƴaƴan ƙauyen ne. Ana tura saurayi ya koyi Jamusanci da lissafin kasuwa, ya yi shekaru, ya dawo, wani ya canje shi. Su ke sanar da gida farashi, su ke karɓar kuɗi, su ke gaya wa marina irin launin da masaƙa ke so bana. Saboda haka ribar da dillali zai ci a tsakani ta zauna cikin ƙungiya.

A nan ƴan'uwanmu na ƙetare za su gane kansu. Ɗan Ambelakiya da ke Biyena ba aike kawai yake yi wa iyayensa ba, shi ne idon garin a kasuwa. Na gida yana da kaya, na waje yana da labari, kuma littafin lissafi guda ne ya haɗa su. Matafiya Turawa da suka hau ƙauyen a farkon ƙarni na 19 sun yi mamakin tarar da mutanen kan dutse suna jin Jamusanci, wasu da tufafin Turai.

Abin da kuɗin ya gina

Babban abin da ya rage na wancan zamani shi ne gidan Schwartz. An fara gina shi a 1787, aka gama ado a 1798. Daga waje kamar ganuwa yake: ƙasan na dutse ne mai kauri, tagogi ƙanana da ƙarafa, saman kuma na katako ne, ya ɗan turo gaba a kan titi. A hawan ƙasa ne ofishin ƙungiya da ma'ajiyar kuɗi suke. Sama da shi ɗakunan hunturu ne masu murhu, can ƙoli kuma ɗakunan bazara masu tagogi da yawa don iska. Bango da rufi duk zane ne da sassaƙa: furanni, tsuntsaye, ƴaƴan itace, da hoton birnin Santambul da jiragen ruwansa. Salon ya haɗa na Turkawa da na Turai, daidai da rayuwar mai gidan. Yau gidan yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta Girka, kuma ana lissafa shi cikin mafi kyawun gidajen gargajiya na ƙasar. Ɗan'uwansa Dimitrios ma ya gina nasa a ƙauyen.

Sun kuma zuba kuɗi a ilimi. Ƙauyen yana da babbar makaranta tun tsakiyar ƙarni na 18, inda ake koyar da Girkancin da, lissafi da kimiyya. Manyan malamai irin su Grigorios Konstantas da Konstantinos Koumas sun koyar a can. Ku tuna, wannan zamani ne da yawancin ƙauyukan yankin ba su da mai karanta wasiƙa sai limamin majami'a. Attajiran garin sun kuma taimaka da kuɗin buga littattafan Girkanci a Biyena, littattafan da suka shiga cikin farkawar da ta kai ga yaƙin neman ƴanci na 1821.

Yadda abin ya rushe

Ƙungiyar ba ta yi shekara 40 ba. Dalilan faɗuwarta huɗu ne, kuma sun zo kusan a tare.

Na farko daga cikin gida ya fito. Beaujour da kansa ya lura cewa da kuɗi suka yi yawa, kowa ya so ya ba da umarni, ba mai son bi. Taron shekara ya koma filin gardama. Manyan ƴan kasuwa suka ga ƙananan masu hannun jari suna ɗaure musu ƙafa, ma'aikata suka ga manya suna ɓoye musu lissafi. Ƙungiyar ta tsage, aka sake ɗinke ta, ta sake tsagewa. Ƙararraki suka yi ta tafiya har kotunan Biyena, kuɗin da ya kamata ya sayi auduga ya tafi wajen shari'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu shi ne inji. A daidai shekarun da ake kafa ƙungiyar, a Ingila ana ƙera injunan kaɗi. Richard Arkwright ya yi rajistar nasa mai aiki da ƙarfin ruwa a 1769, Samuel Crompton ya kammala nasa a 1779. Inji guda yana juya mazarai ɗaruruwa, zarensa sumul, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma farashinsa kullum sauka yake. Macen da ke kaɗi da hannu a Tasaliya, komai ƙwazonta, ba ta iya tsere da wannan. Masaƙan Jamus suka fara sayen zaren Manchesta, marinan Turai kuma sun riga sun koyi jan rinin. Abu biyu da Ambelakiya ke taƙama da su, araha da sirri, duka suka kuɓuce.

Na uku shi ne kuɗi. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun tsiyata baitulmalin Ostiriya. Gwamnati ta yi ta buga takardun kuɗi, har a watan Fabrairu na 1811 ta fito ta ce takardar da ke hannun mutane darajarta ta koma kashi ɗaya cikin biyar. Dukiyar Ambelakiya kuwa, yawancinta a Biyena take, a takarda da bashin da ake bin masu saye. Wanda ya kwana da dubu biyar ya tashi da dubu guda. Mu da muka ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, inda aka raba ta biyu, mun san ɗanɗanon irin wannan safiya. Tasu ta fi tamu muni nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne hukuma. Ali Pasha na Yanina, wanda ikonsa ya mamaye Tasaliya a lokacin, ya ɗora wa garuruwan masu sana'a haraji mai nauyi. Sassaucin da ƙauyen ya dogara da shi ya ƙare.

Daga 1812 ƙungiyar ta watse, zuwa 1820 marinai sun yi shiru. Schwartz ya rasu a Biyena a 1818, dukiyar ta riga ta tafi. Iyalai masu hali suka zauna a ƙetare ba su dawo ba, talakawa suka koma ga ƴan gonakin inabinsu. Ita kanta ciyawar rizari kwananta ya ƙare a 1868, lokacin da masana biyu a Jamus, Graebe da Liebermann, suka haɗa launinta a ɗakin bincike ba tare da saiwa ba. Wannan guguwar ta zaren inji da launin kwalba ita ce daga baya ta iso ƙasashenmu, ta ajiye mazarin kakanninmu mata, ta bar karofi da yawa a bushe.

Koperatif ce ko kampani?

A Girka ana yawan kiran Ambelakiya koperatif ta farko a duniya, tunda ta riga ta garin Rochdale na Ingila, wadda aka kafa a 1844 kuma ake ɗauka uwar koperatif na zamani, da fiye da shekara 60. Masana tarihi sun rabu a kan wannan. Wasu na cewa ai ma'aikata suna da rabo, an sa wa jari iyaka, ana cire haƙƙin gari kafin riba, to me ya rage? Wasu na cewa a'a, ƙungiyar manyan ƴan kasuwa ce, su ke riƙe da ofisoshin ƙetare da littattafan lissafi, matan da ke kaɗi a ƙauyukan kewaye kuwa ladan aiki kawai suke karɓa, ba su da murya a taro.

A ganinmu kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma gardamar kanta darasi ce. Suna ba ya mayar da ƙungiya ta kowa. Abin tambaya shi ne wa ke ganin littafi, wa ke zaɓe, kuma wanda ya fi kowa wahala a aikin yana da kujera ko babu.

Ambelakiya a yau

Tasaliya ta shiga ƙasar Girka a 1881. Kafin nan, a 1873, wani ɗan garin mai suna Diamantis Maniaris ya gina wa ƙauyen sabuwar lakwal da kuɗinsa, ginin yana nan har yanzu da sunansa. Ƙarni na 20 ya zo da yaƙin duniya, da yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949, sannan ƙaura. Daga 1960 dubban ɗaruruwan Girkawa suka tafi aikin masana'antu a Jamus, wasu Ostareliya, wasu suka gangara Atina da Larisa. Ƙauyukan dutse suka zube. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Girka sun kai kusan miliyon 10 da rabi, sun ragu a kan na 2011, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku suna zaune a Atina da kewayenta. Tun 2011 masu mutuwa a ƙasar sun fi waɗanda ake haifa yawa kowace shekara.

Yanzu ƙauyen yana cikin komin ta Tembi. Daga babbar hanyar Atina zuwa Tasalonika, mota tana hawa kamar kilomita 5 na kwana-kwana kafin ta isa dandali, inda manyan itatuwa ke ba da inuwa, da ƴan gidajen abinci. Titunan na dutse ne, matsattsu. Akwai tsohuwar majami'ar Waliyi Jojis, akwai gidan ajiye kayan gargajiya da ke nuna mazarai, masaƙa da tukwanen rini. Wasu tsofaffin gidajen an gyara su, wasu sun rufta. Mazauna suna rayuwa da kuɗin fansho, ɗan noman inabi da ƴaƴan itace, da baƙin da ke zuwa kallo a ƙarshen mako. A watan Agusta, lokacin hutu, jikokin garin daga birane da ƙetare suna cika gidajen, yara su yi ta gudu a tituna. Satumba na kamawa a rufe tagogi.

Yankin ya sha wuya a 2023. A daren 28 ga Fabrairu jiragen ƙasa biyu suka yi karo kusa da bakin kwarin Tembi, mutane 57 suka rasu, da yawansu ɗalibai. A watan Satumba kuma guguwar Daniel, wadda ta wuce ta yi ɓarna a Derna ta Libiya, ta nutsar da filin Tasaliya, gonaki da dabbobi suka salwanta. Duk da haka filin yana noman auduga har gobe, kuma Girka ce ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na audugar tarayyar Turai. Sai dai yawancinta ɗanya ake fitar da ita, Turkiyya da Masar da wasu ƙasashe su kaɗa. Jikokin masu sayar da rinannen zare sun koma sayar da auduga a dila.

Abin da muka tsinta

Ba mu kawo labarin nan don a ce ƙungiya ba ta da amfani ba. Ƙauye mai mutum 4,000 a kan tsakuwa ya ci, ya sha, ya yi lakwal, ya biya harajinsa shekaru sama da 30, duk albarkacin haɗin kai. Da kowa ya tsaya shi kaɗai, da ba mu san sunan wurin ba.

Amma akwai abubuwa uku da duk mai ƙungiya zai so ya auna, ko ta masu albasa ce, ko ta mata masu man gyaɗa, ko asusun ƴan gari mazauna waje. Kaya iri ɗaya, kasuwa guda, kuɗi a wuri guda: ranar da ɗayansu ya girgiza, komai ya girgiza. Na biyu, wakilan Ambelakiya a Turai sun ga zaren inji da idonsu tun yana sabo, amma ribar shekarun daɗi ta tafi ga gidaje masu zane da shari'a, ba a juya sana'ar ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na uku, rigimar lissafi ta riga Napoleon da Manchesta isowa. Ƙungiyar da membobinta suka daina yarda da littafinta, iska kaɗan ke kayar da ita.

Ku da ke cikin ƙungiyoyi a garuruwanku, da ku da ke aiko da gudummawa daga nesa, muna son jin yadda kuke yi: sau nawa ake karanta lissafi a gaban kowa, kuma wa ke riƙe da littafin? Ku aiko mana, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kawunanmu.